Zaɓen ƙananan hukumomi: Shin ƙananan jam'iyyu na da rabo?

Ranar 26 ga Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Da hukumar zaɓen jihar, KANSIEC, ta fito da sakamako, sai ta ce jam'iyyar NNPP ce ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 da na kansiloli 484. Ko ɗaya ba ta kuɓuce mata ba.

Mako guda kafin nan an yi irin wannan zaɓe a Kaduna, inda APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. A Sakkwato ma APC ce ta cinye duka 23, a Bauchi PDP ta haɗa 20, a Zamfara PDP ta ɗauke 14. Da aka zo Katsina a watan Fabrairun 2025, APC ta tafi da 34 da kansiloli 361.

Idan mutum ya san jam'iyyar gwamnan jiha, to ya san sakamakon zaɓen ƙananan hukumominta tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Kano ta isa misali: a 2018 da 2021, lokacin Abdullahi Umar Ganduje, APC ce ta lashe duka 44. Da mulki ya koma hannun Abba Kabir Yusuf, sai duka 44 ɗin suka zama na NNPP. Masu jefa ƙuri'ar dai su ne, unguwannin ma su ne.

To idan manyan jam'iyyun adawa irin su PDP da APC ba sa samun ko ƙaramar hukuma ɗaya a jihar da ba su ke mulki ba, ina labarin irin su Accord da YPP da ZLP da PRP, waɗanda wani ma bai san alamarsu ba sai ya gan ta a takardar ƙuri'a?

Suna da ɗan rabo, amma ba a inda mafi yawansu suke nema ba.

Wanda ya naɗa alƙalin wasa

Tushen matsalar yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 7 ya ce dole a riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun shugabanni. Sashe na 197 kuma ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar da su. Kuɗin gudanar da zaɓen daga gwamnatin jiha yake fitowa. Ranar zaɓen ma sai an ga dama ake sanyawa.

A watan Mayun 2024, Farfesa Mahmood Yakubu, yana shugaban INEC, ya faɗa wa shugabannin hukumomin zaɓen jihohi a gabansu cewa zaɓukan da suke shiryawa sun koma bikin naɗa 'yan takarar jam'iyya mai mulki.

Kafin 2024 gwamnoni da dama ba sa ma wahalar da kansu da zaɓen, kantomomin riƙo kawai suke naɗawa. Abin da ya sauya lissafi shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma duk wadda ba zaɓaɓɓun shugabanni ne ke riƙe da ita ba, ba ta da haƙƙin karɓa. Kason nan ba ƙarami ba ne, kashi 20.6 cikin 100 ne na abin da ake rabawa daga asusun tarayya.

Nan da nan jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe. Mutane da yawa sun yi tsammanin hukuncin zai buɗe fili. A gaskiya ƙara wa kujerar ciyaman daraja ya yi a idon gwamna, don idan kuɗi zai shiga asusun ƙaramar hukuma kai tsaye, ba gwamnan da zai yarda wanda ba yaronsa ba ya riƙe biron sa hannu.

Kuɗin fom kaɗai ya isa ya kori mutum

Tun kafin ranar zaɓe ake fara tankaɗe ƙananan jam'iyyu. A Kano, KANSIEC ta fara sanya naira miliyan 10 a matsayin kuɗin fom ga mai neman ciyaman, miliyan biyar ga mai neman kansila. Sai da wasu ƙananan jam'iyyu suka garzaya kotu kafin ta rage, ragin ma miliyan ɗaya-ɗaya ne. A Jigawa miliyan biyar aka sa wa ciyaman, miliyan biyu ga kansila.

A duba lissafin nan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke karɓar wannan, sai ya tara albashinsa na kusan shekara shida, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan biyar. Dokar Zaɓe ta 2022 kuwa ta ƙayyade cewa duk abin da ɗan takarar kansila a Abuja zai kashe a yaƙin neman zaɓensa kada ya wuce naira miliyan biyar. Wato abin da doka ta ɗauka a matsayin iyakar kashe kuɗin kamfe gaba ɗaya, shi aka fara nema a Kano a matsayin kuɗin takarda.

Jam'iyyar da ke son tsayar da 'yan takara a duk mazaɓun Kano 484 a kan farashin farko, sai ta tanadi sama da naira biliyan biyu, ba a ma zo kan ciyamomi ba. Jam'iyyar da ofishinta na jiha shago biyu ne da tuta, wani lokaci ma kuɗin haya na gagarar ta, ina za ta samo wannan?

Bayan fom akwai ejan-ejan da za su tsaya a kan akwati, akwai fosta, akwai man babura. Sannan ga ƙorafe-ƙorafen da 'yan adawa ke maimaitawa kusan bayan kowane zaɓe: kayan aiki sun iso a makare ko ba su iso ba, an zo da ƙuri'u babu takardar rubuta sakamako, an bayyana wanda ya yi nasara daga babban birnin jiha ba tare da an nuna abin da kowace rumfa ta bayar ba. Shi ya sa manyan jam'iyyun adawa kan ƙaurace wa zaɓen tun farko, kamar yadda PDP ta yi a Sakkwato da Jigawa.

Idan gwamna ya ari riga

Duk da haka, a ƙarshen 2024 an ga ƙananan jam'iyyu sun lashe jihohi biyu sukutum, har wasu suka fara cewa zamani ya juya.

A Jihar Ribas, zaɓen 5 ga Oktoba ya ba jam'iyyar APP ƙananan hukumomi 22 cikin 23, ɗayar kuma ta tafi ga jam'iyyar AA. A Abiya, ranar 2 ga Nuwamba, ZLP ta samu 15, YPP ta samu biyu. Jam'iyyar Labour, wadda gwamna Alex Otti ya ci zaɓe a cikinta, ba ta samu ko ɗaya ba.

Sai dai duk mai bin siyasar jihohin biyu ya san abin da ya faru. A Ribas, gwamna Siminalayi Fubara ɗan PDP ne a lokacin, amma ragamar jam'iyyar a jihar tana hannun mutanen Nyesom Wike, wanda suka raba gari da shi. Da ya ga ba zai iya tsayar da nasa a PDP ba, sai magoya bayansa suka shiga APP. A Abiya kuma rikicin shugabancin Labour ne tsakanin ɓangaren Otti da na Julius Abure ya sa mutanen gwamna suka fake a ZLP. A duka wuraren biyu ɓangaren gwamna ne ya ci, rigar ce kawai ta aro.

Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ranar 28 ga Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen Ribas ɗin. A watan Maris Shugaba Bola Tinubu ya sanya dokar ta-ɓaci a jihar, ya dakatar da Fubara. Da aka sake zaɓen a ranar 30 ga Agusta ƙarƙashin kantoman riƙo Ibok-Ete Ibas, APC ta samu 20, PDP ta samu uku. Jam'iyyar da ta lashe 22 watanni goma sha ɗaya da suka wuce ta tashi babu ko ɗaya.

Wannan ita ce sana'ar da ƙananan jam'iyyu da yawa suka koma: ajiye rajista da tambari, ana jiran ranar da wani babba zai yi faɗa da gidansu ya zo neman masauki. Akwai samu a ciki ga shugabannin jam'iyyar, ba musu. Amma jam'iyyar ba ta ƙaruwa da mamba ɗaya na gaskiya, kuma ranar da baƙon ya shirya da gidansu, ko sallama ba ya yi.

NNPP ɗin Kano ma ta wata fuskar haka ta faro. Jam'iyya ce da ta daɗe da rajista ba a jin ɗuriyarta, sai da Rabi'u Musa Kwankwaso ya shige ta a 2022 da jama'arsa. Bambancin shi ne Kwankwasiyya ta zo da mutanenta har matakin akwati. Da ta kama gwamnati kuma, ba ta bar wa sauran ƙananan jam'iyyu ko kansila ɗaya ba.

Kujerar da ke hana a soke jam'iyya

Inda rabon yake shi ne can ƙasa, a mazaɓa.

A zaɓen Jigawa na 5 ga Oktoban 2024 APC ta lashe ƙananan hukumomi 27 duka, amma kujerun kansila 281 ta samu cikin 287. Shidan da suka rage ƙananan jam'iyyu ne suka ɗauka, ciki har da APGA, jam'iyyar da aka fi sani da Jihar Anambra. A Nasarawa ma SDP da ZLP sun tsira da 'yan kujerun kansila. A Legas, a zaɓen Yulin 2025, kujerar kansila ɗaya tak ce cikin 376 ta kuɓuce wa APC.

Shida cikin 287 abin dariya ne a wajen babbar jam'iyya. A wajen ƙarama kuwa batun rayuwa ne. Sashe na 225A na kundin tsarin mulki ya ba INEC ikon soke rajistar jam'iyyar da ta kasa taɓuka komai a zaɓe, kuma cikin abubuwan da ya lissafa akwai cin kujera ɗaya ta majalisar tarayya ko ta jiha, ko kujerar kansila ɗaya. Da wannan sashe INEC ta soke jam'iyyu 74 a ranar 6 ga Fabrairun 2020, ta bar 18. Saboda haka kansila guda a wani ƙauyen Jigawa zai iya zama hujjar da jam'iyya mai hedikwata a Abuja za ta kare kanta da ita.

Dalilin da ya sa mazaɓa ta fi sauƙi ba ɓoyayye ba ne. Najeriya na da rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809, wato kusan rumfa 20 a kowace mazaɓa idan aka raba daidai. Mutum 20 ko 40 masu amana sun isa su tsare akwatunan mazaɓa guda tun daga safe har a gama ƙirga. Ɗan takarar kansila kuma ba baƙo ba ne. An san gidansu, an san ko yana zuwa jana'iza, an san ko shi ne ya bi sawu har aka gyara rijiyar burtsatse ko taransifomar unguwa. A irin wannan zaɓe sunan mutum kan rinjayi tambarin jam'iyya. Kuma murɗe sakamakon da mutanen gari suka ƙirga da idonsu a filin makarantar firamare ya fi wuya a kan sauya alƙaluma a hedikwatar ƙaramar hukuma.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin jam'iyya mai mulki kanta. Galibi ba a yin zaɓen fid da gwani na gaskiya, masalaha ake cewa an yi, wato jerin sunaye daga gidan gwamnati ko daga wajen ɗan majalisar yankin. Duk inda aka ɗora wanda jama'a ba sa so, akan bar wani mai farin jini da takaici. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takarar indifenda ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Nan ne ƙaramar jam'iyya ke da amfani, domin ita ce kaɗai ƙofar da ta rage masa.

Za a iya cewa wannan ma aro ne, kuma haka ne. Amma aron gwamna daban, aron mai neman kansila daban. Gwamna ya fi ƙarfin jam'iyyar, shi ke juya ta. Kansila kuwa yana buƙatar ta, kuma idan shugabanninta na da hangen nesa za su iya riƙe shi, su kafa reshe a mazaɓarsa, su nemi ta kusa da ita a zaɓe na gaba. A nawa ganin, jam'iyyar da ke da ƙarfin sayen fom biyar, gara ta zuba su a mazaɓu biyar da ta san tana da mutane, da ta tsayar da ɗan takarar ciyaman ɗaya don a ga fostarsa a bakin titi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: wasu na zargin cewa irin waɗannan kujeru 'yan ƙalilan da gangan ake sakin su, don kada a ce an cinye duka. Ko da hakan ne a wasu wuraren, wanda ya tsaya takara kaɗai ake iya sakar wa kujera.

Da can ƙofar shiga ce

Masu shekaru za su tuna cewa zaɓen ƙananan hukumomi ya taɓa zama ma'aunin jam'iyyu a ƙasar nan. A ranar 5 ga Disamban 1998, lokacin mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, INEC ce ta shirya shi a duk faɗin ƙasa rana ɗaya. Jam'iyyu tara ne suka shiga da rajistar wucin gadi, kuma da sakamakon aka tantance uku da suka wuce zuwa zaɓukan 1999: PDP da AD da APP. Wannan APP ɗin ita ce ta koma ANPP daga baya, ba ta da alaƙa da APP ta Ribas.

Tarihin siyasar Arewa ma daga ƙasa ya taso. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba ta da gwamnati, ba ta da baitulmali, da teloli da 'yan koli da malaman zaure ta yi ƙarfi, unguwa bayan unguwa. A kan wannan tushe PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. PRP na nan da rajistarta har yau, sai dai da wuya ka ji ta a sakamakon zaɓen kansila a jihohin da ta taɓa mulka.

Kaduna ta ɗan gwada wani abu daban a zamanin Nasir El-Rufai, lokacin da aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a zaɓukan 2018 da 2021. An yi ƙorafi a kan zaɓukan biyu, amma PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi a kudancin jihar, har a 2021 gwamnan ya faɗi a rumfarsa ta Unguwar Sarki. A 2024 aka ajiye na'urar, sakamako ya koma 23 cikin 23.

Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tsarinsu ya fi yi wa ƙananan jam'iyyu adalci kafin juyin mulki. Hukumar zaɓe ta ƙasa, CENI, ke shirya zaɓen, ana raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, sannan kansilolin su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Jam'iyya mai kujera biyu ko uku takan zama ita ake zawarci. Sojoji sun rusa majalisun a watan Afrilun 2024, suka rusa jam'iyyun ma a 2025. A Najeriya wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauke komai, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce.

Kotu, majalisa, da Abuja

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba 'yan adawa wani makami a sashe na 150, wanda ya ce dole hukumomin zaɓen jihohi su bi ƙa'idojin da INEC ke bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, in ba haka ba zaɓen bai inganta ba. Rashin bin waɗannan ƙa'idoji na cikin dalilan da Kotun Ƙoli ta bayar wajen soke zaɓen Ribas. Sai dai APC ce ta kai waccan ƙara, da manyan lauyoyi. Ƙaramar jam'iyya da wuya ta iya bin shari'a tun daga babbar kotu har Kotun Ƙoli, kuma kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomi ma a ƙarƙashin dokar jiha ake kafa ta.

Ana ta kiran a soke hukumomin zaɓen jihohi a miƙa aikin ga INEC. Fagbemi ya goyi bayan haka, Sanata Sani Musa na Neja kuma ya gabatar da ƙudurin kafa wata hukuma ta ƙasa da za ta riƙa shirya zaɓen. Kowanne aka zaɓa sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Majalisun nan kuwa kowa ya san wanda suke saurare. Masu adawa da shawarar ma suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: idan gwamna na murɗe zaɓe da hukumarsa, me zai hana jam'iyyar da ke mulki a tarayya ta yi haka da tata, a ƙananan hukumomi 774 lokaci guda?

Wuri ɗaya da za a iya auna wannan muhawara shi ne Babban Birnin Tarayya, inda babu gwamna, kuma INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida da mazaɓu 62. Can ba a cika cinye duka ba. A 2016 APGA ta ci shugabancin Gwagwalada, alhali APC na kan ganiyarta bayan nasarar Muhammadu Buhari. A watan Fabrairun 2022 aka raba uku-uku: PDP ta ɗauki Birni da Kewaye, wato AMAC, da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. A 2023 kuma Labour ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, ta kuma ci kujerar sanata da Ireti Kingibe.

INEC ta sanya ranar 21 ga Fabrairun 2026 don zaɓen Abuja da ya biyo bayan na 2022. A lokacin Wike ne ministan birnin, ga kuma ADC da haɗakar 'yan adawa ta runguma a watan Yulin 2025, wadda ita ma kafin nan ƙaramar jam'iyya ce da manyan baƙi suka sauka a gidanta. Kujerun ciyaman shida su ne kan cika kanun labarai. Mai son sanin ko ƙananan jam'iyyu sun fara kafa saiwa sai ya nemi sakamakon kansiloli 62, ya ƙirga nawa ne suka faɗa hannun jam'iyyar da ba APC ba, ba PDP ba.